Fayilolin Silhouette sun ƙi buɗuwa a sabon injin yanka: ina mafita?

Wani ƙanenmu a sana'a ya turo tambaya. Ya ce shekara huɗu yana aiki da ƙaramin injin Silhouette Cameo, yana yanka sunaye da lambobin riguna da sitikar kofuna, har ya tara fayil sama da ɗari uku. Yanzu Allah ya buɗa masa ya sayi babban injin yankan sitika ɗan Chaina mai faɗin santimita 72, wanda ake tura wa aiki daga CorelDRAW. Fayilolinsa duk masu wutsiyar .studio3 ne, kuma sun ƙi buɗuwa. Ya gwada canza wutsiyar zuwa .svg, abin bai yi ba. Wani ya ba shi shawara ya ɗauki hoton allon kwamfuta ya yi tiresin, wato ya sa manhaja ta bi gefen hoton ta fitar da layukan yanka. Ya yi, amma da ya yanka sai wuƙar ta riƙa rawa, gefen haruffa ya fito kamar ɓera ya gwaigwiya. Yana tambaya ko aikin shekara huɗu ya tafi ke nan.

Ƙanena, kwantar da hankalinka, aikinka bai tafi ba. Amma ka dakatar da tiresin ɗin nan tukuna, domin kana ɓata abu mai kyau ne da hannunka. Zanen da ke cikin waɗannan fayilolin tun asali bekta ne, wato zanen layuka, ba hoto ba. Layukan da wuƙa ke bi suna nan a ciki lafiya lau, an dai kulle su a cikin akwatin da kamfani ɗaya ne ke da makullinsa. Abin da kake buƙata shi ne ka fito da su. Sake zana su aiki ne daban, kuma shi ne na ƙarshe da za ka yi idan duk sauran ƙofofi sun rufe.

Bari mu fara da abin da injin yake gani, don idan ka gane wannan sauran zai zo maka da sauƙi. Injin yanka ba ya ganin launi, ba ya ganin kaurin layi, ba ya ganin kyawun zane. Umarni biyu ya sani: ɗaga wuƙa ka je wuri kaza, sauke wuƙa ka ja zuwa wuri kaza. Yaren da yawancin injinan nan na Chaina ke ji sunansa HPGL, kamfanin Hewlett-Packard ne ya fito da shi a 1977 don injinan zane da alƙalami, daga baya aka cire alƙalami aka sa wuƙa. Idan ka samu fayil mai wutsiyar .plt ka buɗe shi da Notepad, za ka ga PU da PD suna ta maimaituwa da lambobi a gabansu. PU ɗaga wuƙa ne, PD sauke ta. A wannan yaren taku 40 ne milimita ɗaya, saboda haka idan wuƙa ta tashi daga sifili aka ce mata PD4000,0 to za ta ja layi na santimita 10 daidai. Duk wani zane da ka taɓa yankawa, komai ƙawarsa, a ƙarshe irin waɗannan lambobin ne suka isa wurin injin.

Hoton JPG ko PNG ba shi da layi ko ɗaya a cikinsa. Tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi da aka jera kamar duwatsun ado a kan tabarma, idon mutum ne yake haɗa su ya ga harafi. Wuƙa ba ta da abin da za ta bi a nan. Shi kuwa bekta lissafi ne: gaɓa a nan, gaɓa a can, ga yadda layin zai lanƙwasa a tsakaninsu. Lissafin wannan lanƙwasa yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniya a kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota tun shekarun 1960. Da'ira mai kyau gaɓa huɗu ta ishe ta, ko ta kai girman kwabo ko ta kai girman tayar tirela. Da'irar da ka samo ta hanyar tiresin hoton allo kuwa tana iya zuwa da gaɓa tamanin, kowace ta ɗan kauce kaɗan. Injin yana biyayya ga kowace ɗaya. Rawar wuƙar da ka gani ke nan.

Canza wutsiyar suna kuma ba ya canza komai. Kamar ka rubuta "shinkafa" ne a jikin buhun gero. Abin da ke ciki yana nan yadda yake.

To, hanyar da ta fi kowace tsafta ita ce manhajar da ta kulle fayil ɗin, wato Silhouette Studio, ta buɗe shi da kanta. Silhouette Studio hawa-hawa ce. Ta kyauta tana buɗe fayilolinta da hotuna da wani nau'in fayil na layuka da ake kira DXF, amma ba ta fitar da SVG, nau'in fayil ɗin bekta da CorelDRAW ke karantawa. Designer Edition tana iya shigo da SVG, amma ita ma ba ta fitarwa, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi, su saya suna zaton matsalarsu ta ƙare. Business Edition ce kaɗai ke fitar da SVG da PDF, daga siga ta 4.1 zuwa sama. Ka buɗe fayil, ka shiga File, Save As, Save to Hard Drive, ka zaɓi SVG. Layukanka za su fito yadda ka zana su, gaɓa da gaɓa. Ni dai ra'ayina, mutum mai fayil ɗari uku da yake cin abinci da su, kuɗin wannan lasisin bai kai darajar kwanakin da zai ɓata yana gyaran tiresin ba. Idan kuma aljihu bai kai ba a yanzu, ka nemi abokin sana'a mai ita, ka kai masa fayilolin a filashi, ku zauna yini guda ku fitar, ka ba shi wani abu na lokacinsa.

Abu ɗaya za ka lura da shi: zanen da ka saya daga shagon Silhouette na intanet manhajar ba ta barinsa ya fita da tsaftataccen layin yanka kamar naka. Wannan da gangan suka yi, saboda haƙƙin masu zanen. Ina ganin ya kamata mu girmama hakan. Mu ma ba ma jin daɗi idan wani ya ɗauki hoton allon da muka kwana muna tsarawa ya je ya yanka wa wani a rabin farashi.

Akwai shafukan intanet da ke karɓar fayil ɗin .studio3 su mayar maka da SVG. Wasu lokuta suna yin aiki, musamman a zane mai sauƙi. Amma rubutu yana yawan ɓacewa ko ya sauya salo, girma yana kaucewa, kuma kana ɗora tambarin kwastomanka ne a kwamfutar mutanen da ba ka sani ba. Don fayil ɗaya ko biyu na gaggawa ba laifi. Ita kuwa dabarar buga zanen zuwa PDF daga manhajar kyauta, sau da yawa abin da ke fitowa hoto ne aka naɗe a cikin PDF, sai ka ga kamar ka samu bekta alhali ba ka samu ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake so ya zama ɗabi'arka: kada ka yarda da wutsiyar fayil, ka duba cikinsa. SVG da PDF da EPS da CDR, wato fayil ɗin CorelDRAW, duk suna iya ɗaukar hoto a cikinsu. Kwastoma zai ce maka "na turo na Corel", ka buɗe ka tarar JPG ne aka jefa a shafi aka adana. A CorelDRAW ka shiga View ka zaɓi Wireframe. Launi zai ɓace, layukan gaskiya kaɗai za su rage, hoto kuwa zai zama wani dusasshen murabba'i. A Illustrator Ctrl da Y ke yin wannan aikin. Idan SVG ne ma kana iya buɗe shi da Notepad: in ka ga kalmar path da lambobi a bayanta, layi ne, in ka ga kalmar image da wani dogon rubutu marar ma'ana da ba ya ƙarewa, hoto ne. Layukan da ka gani a Wireframe su ne wuƙa za ta bi.

Kafin ka fitar da kowane fayil, akwai gyaran da ya fi kyau ka yi tun yana gidansa na asali. Mafi girma a ciki shi ne rubutu.

Rubutun da ka buga da madannai ba zane ba ne tukuna. Fayil ɗin yana riƙe da sunan font ɗin ne kawai, wato salon rubutun, da haruffan da ka danna. Idan ya je kwamfutar da ba ta da wannan font, za ta sa wanda ta ga dama. Ga mu masu rubuta Hausa abin ya fi muni, domin fonts da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kwata-kwata. Sai ka rubuta "Ɗakin Ɗinki", a ɗaya kwamfutar ya fito da akwati fanko a wurin harafin farko, ko harafin ya fito da wani salo daban da na 'yan'uwansa, siriri a tsakiyar masu kauri. Na ga alluna a kan titi da aka yanka haka aka manna. Maganinsa ka mayar da rubutun zane kafin ya bar gida. A Silhouette Studio ka danna dama a kansa ka zaɓi Convert to Path. A CorelDRAW Ctrl da Q ne, a Illustrator Ctrl da Shift da O, a Inkscape Shift da Ctrl da C. Daga nan ba a iya gyara shi a matsayin rubutu, saboda haka ka ajiye kwafi ɗaya da ba ka mayar ba, ka rubuta sunan font ɗin a gefen shafi. Ranar da kwastoma zai dawo ya ce lambar wayarsa ta canza za ka gode wa kanka. Idan kana neman fonts masu cikakkun haruffan Hausa, Noto Sans na Google da Andika da Charis na SIL duk suna da su. Idan kuma kwastoma ya nace wa font ɗin da ba shi da ƙugiya, ka buga k ko d, ka mayar da shi zane, ka zana ƙugiyar da hannu daidai da kaurin harafin, ka haɗe su.

Haɗewar nan ita ce walda, kuma sunanta ke nan a Silhouette Studio da CorelDRAW, Weld. Rubutu mai haɗe-haɗe, haruffansa suna hawa kan juna ne kaɗan. A allo ba ka gani tunda launinsu ɗaya. Wuƙa kuwa za ta zagaye kowane harafi shi kaɗai, ta yanka cikin maƙwabcinsa, sai kalmar ta fito gunduwa-gunduwa. Rubutun Larabci da Ajami sun fi kowane buƙatar wannan, domin kusan kowane harafi yana riƙe da na gabansa. Tsofaffin manhajojin yanka ma ba su iya jera shi daga dama zuwa hagu ba, sai su rarraba haruffan su juya su. Ka tsara shi a manhajar da ta iya, ka mayar da shi zane, ka yi masa walda, sannan ka ba wanda ya iya karatu ya duba kafin ka yanka. Ka kuma ƙirga ɗigogin haruffa bayan ka tsince rarar sitika, saboda su ne ke bin rarar su tafi, kuma ɗigo ɗaya yana canza kalma. Idan aya ce ko sunan Allah, nauyin da ke kanka ya ƙaru.

Bayan walda ka duba ramukan haruffa, irin cikin o da a da ɗ. Wani lokaci wajen sauya fayil ramin yana rabuwa da harafinsa ya zama wani farin abu da aka ɗora a kai. A wurin yanka ba lallai ya dame ka ba, amma da zarar ka sake yin walda ramin zai toshe. A Silhouette ana ɗaure su da Make Compound Path, a CorelDRAW da Combine.

Sai kaurin layi. Idan ka zana layi ka ba shi kaurin milimita 5, a allo za ka ga sanda mai kauri, amma wuƙa za ta bi tsakiyarsa ne sau ɗaya ta wuce. In kana son kaurin ya fito a sitika, sai ka mayar da layin abu mai gefe biyu: Ctrl da Shift da Q a CorelDRAW, Stroke to Path a Inkscape. Akasin wannan kuma yana faruwa. Wasu hanyoyin sauya fayil suna raba cikin abu da layin gefensa su zama abu biyu, ɗaya a kan ɗaya daidai. Ido ba ya gani, ko a Wireframe. Injin zai bi wurin sau biyu, wuƙa ta huda takardar baya, ta cinye robar da ke ƙarƙashinta. Idan ka ji injin yana maimaita wurin da ya riga ya wuce, tsayar da shi, ka koma ka ja abin gefe ka ga ko akwai wani a ƙasansa. Haka abin da aka ɓoye a cikin PowerClip na CorelDRAW, wanda ke sa zane cikin wata siffa ya ɓoye abin da ya yi waje, ko wani marufi: ɓangaren da ba ka gani yana nan, kuma wasu manhajojin yanka za su yanka shi.

Yanzu maganar girma, wadda ita ce ta taɓa cin mini kuɗi. Wata makaranta ta ba ni aikin rubutun motarta, aka turo mini SVG da aka yi a Illustrator, an ce faɗinsa santimita 60. Na buɗe, zanen ya yi kyau, na yanka kwafi shida a sitika mai tsada. Da na je mannawa na tarar santimita 45 ne. Ga dalili: SVG yana iya rubuta girmansa da fiksel, wato ɗigon allo, maimakon milimita, kuma manhajoji ba su daidaita a kan fiksel nawa ne inci ɗaya ba. Illustrator yana ƙirga 72. Ƙa'idar intanet 96 ce. Inkscape ya daɗe yana kan 90, sai a siga ta 0.92 da ta fito a 2017 ya koma 96. Raba 72 da 96 za ka samu kashi 75 cikin ɗari, shi ne 60 ta koma 45. Idan ta ɗaya ɓangaren aka bi, 60 ta zama 80. Wannan ma da sauƙi, ido yana iya kamawa. Tsakanin 90 da 96 ne mai haɗari, inda mita ɗaya ke komawa santimita 93.75, ba za ka lura ba sai ka tsaya a gaban gilashin shago da abin a hannunka.

Tun daga ranar, duk fayil ɗin da zai fita daga wata manhaja zuwa wata, sai na zana murabba'i na santimita 10 a gefensa. Idan ya isa sai in danna murabba'in in duba. In ya nuna 10, lafiya. In ya nuna 7.5, sai in zaɓi komai tare in ƙara girma har murabba'in ya koma 10, sannan in goge shi. Daƙiƙa goma ne aikin. Ka yi wa kowane ɗaya daga cikin fayilolinka haka kafin ka fitar.

Wane nau'i za ka ajiye? Uwar fayil ka bar ta a SVG ko PDF. SVG buɗaɗɗiyar ƙa'ida ce da ƙungiyar W3C ta tabbatar a 2001, ba mallakar wani kamfani ba ce, kuma CorelDRAW da Illustrator da Inkscape duk suna karanta ta. CDR yana da daɗin aiki, amma shi ma akwatin kamfani ɗaya ne, kuma sabon CDR ba ya buɗuwa a tsohon Corel. Idan za ka kai wa mai tsohon CorelDRAW X7 aiki daga sabuwar siga, ka sauke sigar tun a wurin adanawa. Tsofaffin manhajojin da ke zuwa da injinan Chaina, irin su Artcut, sun fi jituwa da tsohon EPS ko AI, saboda haka ka adana a siga ta 8 ta Illustrator ko ƙasa da haka, ba hoto a ciki, ba inuwa, ba launi mai narkewa.

DXF na kamfanin Autodesk ne, ya zo tare da AutoCAD a 1982, kuma amfaninsa a wurinka shi ne idan wata rana kana son mayar da zane cikin Silhouette Studio ta kyauta. Amma tsohuwar sigarsa ta R12 ba ta san lanƙwasa irin ta Bézier ba, sai ta farfasa kowace zuwa gajerun layuka miƙaƙƙu. PLT ma haka yake fitowa yawanci. Shi ya sa ba na son kowa ya riƙe PLT a matsayin uwar fayil. Abinci ne da aka riga aka tauna wa injin. A girman da aka fitar da shi yana yankuwa sumul, amma ka ninka girmansa sau biyar ka ga yadda da'ira za ta fito da kusurwoyi. Idan za ka fitar da PLT daga Corel, ka fitar a ainihin girman aikin, ka bar ma'aunin a 1016, wato taku nawa ne a inci ɗaya.

Duk da haka PLT yana ceton mutum a wani hali, kuma zan faɗa don masu irin matsalarka da wasu manhajojin. Idan tsohuwar manhaja ba ta da hanyar fitar da fayil amma tana tura aiki ga injin HPGL, a da yawa daga cikinsu kana iya zaɓar a tura aikin zuwa fayil maimakon zuwa waya. Abin da ya fito ka shigar da shi CorelDRAW ko Inkscape. Sai dai kafin ka yi, ka mayar da gyaran bakin wuƙa sifili, wanda aka saba sa wa 0.25 na milimita, ka kuma kashe ƙarin yankan da ake yi a ƙarshen layi. In ba haka ba, ƙananan ƙugiyoyin da manhajar ke ƙarawa a kowace kusurwa don wuƙa ta juya za su shiga cikin zanen su zauna. Wannan dabarar ba ta aiki da Silhouette Studio, tunda ita da injinta kaɗai take magana.

To idan babu makawa sai tiresin fa? Yana faruwa. Fayil ya lalace, ko kwastoma ba shi da komai sai hoton tambarinsa a waya. Abu na farko, ka ce ya turo ta WhatsApp a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, domin hoto matse shi ake yi, gefensa ya yi dishi-dishi. Idan daga Silhouette Studio kake ɗaukowa, ka cika zanen da baƙi, ka cire jan layin gefe, ka ɓoye layukan ma'auni na shafin, ka buɗa shi ya cika allo kafin ka ɗauka. Baƙi a kan fari, kuma babba. Injin tiresin na Inkscape, wanda ake kira da Shift da Alt da B, an gina shi ne a kan Potrace da Peter Selinger ya rubuta a 2001, kuma a aikin baƙi da fari yana da kyau ƙwarai, ga shi kyauta. PowerTRACE na Corel da Image Trace na Illustrator su ma suna yi. Kowanne ka ɗauka, ka sani cewa hasashe yake yi. Yana zagaye kusurwa mai kaifi, yana karkata layi miƙaƙƙe, layi siriri kuma ya fito da shi gefe biyu.

Saboda haka ni ba na tiresin rubutu. Ina neman font ɗin in sake bugawa a kan hoton, in daidaita tazarar haruffa har su hau daidai. Da'ira da murabba'i da tauraro ma sake zana su nake yi da kayan zane. Abin da ya rage, kamar kan zaki ko ganye ko sa hannun mai kamfani, shi nake bar wa tiresin, sannan in zauna in rage gaɓoɓi. Ctrl da L a Inkscape yana ragewa, amma sau ɗaya ko biyu ya isa, in ka yawaita zanen zai narke. Tambari mai sauƙi, bin sa da hannu da kayan zane na Bézier ko Pen bai fi minti ashirin ba ga wanda hannunsa ya faɗa. Ka sa gaɓa a inda layi ya juya kawai, saman lanƙwasa da ƙasanta da gefunanta. Wannan ita ce fasahar da ta raba mai zane da mai danna maɓalli, kuma ina roƙonka ka koye ta. Kwastoman da aka yi wa tambari mai tsafta sau ɗaya ba ya komawa wani wuri.

Sannan ka tuna sitika abu ne da hannu zai tsince. Tiresin yana barin ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani sai ka buɗa sosai, kuma injin zai je ya caccaki kowanne. Ka goge su. Duk abin da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba zai wahalar da kai a wurin tsinta, kuma ba zai daɗe a jikin adaidaita sahu da ke shan rana da wanki ba. Ka ƙara masa kauri ko ka gaya wa mai aikin gaskiya.

Akwai wani tarko da ya shafi fayilolinka kai tsaye, tunda ka ce kana yin riguna. Robar riga da ake mannawa da zafi a juye ake yanka ta, kamar a madubi. Wataƙila wasu fayilolinka ka adana su a juye, wasu kuma ka bar manhajar tana juya maka a lokacin yanka. Idan suka fita SVG ba wanda zai tambaye ka. Ka mayar da su duka su karantu daidai, ka riƙa juyawa a wurin yanka kawai, ka sa kalmar "riga" a sunan fayil ɗin. Alamomin da Cameo ke karantawa don yanka abin da aka buga a firinta su ma ba za su yi aiki a sabon injin ba. Wannan aikin ka bar wa Cameo ɗin, kada ka sayar da shi.

Game da fayil ɗari uku ɗin, ba sai ka yi su a mako ɗaya ba. Ka fara kwafe su duka yadda suke zuwa wuri biyu, kada ka goge na asali ko bayan ka sauya. Ka ware guda talatin ko arba'in da kwastomomi ke dawowa a kansu, ka fara da su: rubutu ya zama zane, walda, murabba'in santimita 10, fitarwa, dubawa a Wireframe. Kowane kwastoma ka buɗe masa jaka, a ciki da .studio3 na asali da SVG da ƙaramin hoton da zai nuna maka abin da ke ciki ba sai ka buɗe ba. Na farkon da ka gama, kada ka sa sitika. Yawancin injinan nan suna zuwa da mariƙin biro. Ka cire wuƙa ka sa biro, ka sa farar takarda, ka tura aikin, ka tsaya kana kallon hannun injin. Inda ya maimaita za ka gani, inda layi bai rufe ba za ka gani, sannan ka ɗauki rula ka auna murabba'in ta tsaye da ta kwance. In duka biyun sun ba ka santimita 10, mayar da wuƙa ka sa sitika.